Yabon da ya rufe kemis ɗin Malam Habu

Jama'a, yau da bakina na rufe wa mutum shago!

Na je kemis ɗin Malam Habu a Kazaure karɓo wa Inna maganin hawan jini. Wani baƙo da ke zaune a benci ya ce min, "Hajiya, mutumin nan ya iya aiki kuwa?"

Na ce, "Ai ya fi asibiti! A ɗakin baya yake mana allura, ko takardar likita ba ya nema."

Ashe jami'in hukumar magunguna ne! Nan take ya garƙame ƙofar da kwado, ya ce batun lasisi kuma sai kwamiti ya zauna.

Malam Habu ya dube ni, ya ce, "Hajiya, a gaida Inna."

Wallahi da zagina ya yi, da ya fi min sauƙi.