Ranar da Bindigar Gidan Toka ta Faɗi Shekarunta

Dogon Dutsi, Talata

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, Rakiya ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Maƙwabciyata ce, ungozoma, wata uku tana bina da magana guda: in je ƙauyensu bayan Dumega in duba wata bindiga. Shekara ashirin da shida na yi a soja, rabinsu a ɗakin makamai, kuma tun da na ajiye kaki ba ni da aiki sai binciken tsofaffin bindigogi. Matata tana cewa na fi sanin shekarunsu da na ƴaƴana. Ba ta yi ƙarya ba.

Ga abin da ke cin ran su Rakiya. Kakan mahaifinta ya yi sojan Faransi, ya dawo da bindiga. Mutanen ƙauye suka ce da ita aka harbi mutanen Lugu lokacin da ayarin Nasara ya ƙona garin a 1899, wai ladansa ke nan. Tun daga nan ake kiran gidansu Gidan Toka. Mahaifinta, Baba Arzika, ya haura tamanin, jiki ya ƙi daɗi, kuma ba ya so ya tafi ya bar wa jikoki sunan nan.

Kore Mai Ruwa, ƙarfe bakwai da minti goma

Kilomita arba'in ko kusa, mu goma sha tara a mota mai cin goma sha biyar, gwiwata a bakin wani ɗan tireda. A shingen jandarma wani ya buɗe jakata, ya ga gilashin ƙara girma, da buroshin haƙori, da kwalbar kananzir.

"Tsoho, likitan haƙori ne kai?"

"Likitan bindiga."

Rakiya ta mintsine ni har na ji a ƙashi. Na miƙa masa katina na tsohon soja mai muƙamin ajidan, ya ƙame ya sara mini. Direba ya ce, "Ajidan, don Allah ka bar bakinka cikin jaka har mu kai."

Tibiri zuwa Dumega

Mun sauka Tibiri ƙarfe takwas da rabi. Na fara biyawa ta wajen jandarma na shaida musu abin da ya kawo ni, don ba zamanin wasa da maganar bindiga muke ciki ba. Muka ci dambu da kopto, wato kwaɗon ganye, a bakin tasha, mai abincin ta zuba yaji kamar tana da tsohuwar gaba da ni. Daga Dumega sai kabu-kabu, minti arba'in cikin rairayi, sau biyu ina sauka in taka da ƙafa. Sha ɗaya da kwata muka shiga ƙauyen.

Gidan Baba Arzika

Na same shi kan tabarma a inuwar rumbu. Bayan doguwar gaisuwa ya sa Rakiya ta ɗauko ta.

"Ga Santace," ya ce. "Ka yi mata sallama, tana da doguwa."

Na yi sallama, ai ba a gidana nake ba. Doguwar bindiga ce siririya, baƙa ƙirin, sai ƙamshin man shanu. Ashe kowace Juma'a shafa mata suke yi don doguwar kada ta yi fushi. Ban san abin da doguwa ta ji ba, amma tsatsa kam bai samu ƙofa ba. Tun daga nesa na so in gane ƙirarta, amma na kama bakina. Wurin da ake buga shaida, kusa da kunama, an ɗinke shi da jar fata.

"Baba, sai an farke fatar nan."

"Kakana shi ya ɗinke ta. Ubana bai taɓa ba. An ce wanda ya buɗe, hannunsa zai shanye."

"To ni ma ba ni karatu ta bayan fata."

Na ga tsoro a fuskarsa, ba na doguwa kaɗai ba. In rubutun ya gaskata mutanen gari fa? Sai ya ce wa Rakiya, "Ɗiyata, miƙo aska. In hannu za shi shanye, nawa ya gama aikinshi."

Da kansa ya yanke ɗinkin. Na ɗiga kananzir, na goge daskararren mai da buroshi, haruffa suka fara fitowa. Na farko ya sa ni dariya har da tari: Saint-Étienne, sunan garin da aka ƙera ta a Faransa. Santace ke nan, da kakan ya ji a bakin Nasara. A gefensa kuma ga shaidar ƙira: 1907-15, wato samfurin da aka fitar a 1915.

"Mi ka gani, Ajidan?"

"Baba, lokacin da aka ƙona Lugu, ko zanen bindigar nan ba a yi ba. Shekara goma sha shida ke tsakani. Ni ban san duk inda kakanka ya taka ba, bindiga na sani. Amma wannan ba ta je Lugu ba."

Ya ɗaga hannunsa ya motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Rakiya ta juya baya tana share ido, ni ma na ce kananzir ne ya shige mini.

Ya roƙe ni in harba ta sau ɗaya gari ya ji. Na ce a'a, harsashinta ya ƙare a duniyarmu, kuma ba da ƙara za a wanke shi ba. Bayan la'asar muka kai ta ƙofar masallaci, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya karanta lambar da ƙarfi gaban mai gari, tsofaffi suka riƙa karɓar gilashina suna leƙawa, har waɗanda ba su san boko ba.

Laraba, komawa

Na kwana a zaurensu, na ci tuwon hatsi da miyar kuka. Da safe mai gari ya ɗauki alkawarin kai bindigar Tibiri a rubuta ta bisa doka. Ina hawa kabu-kabu, mai babur ya tambayi wata mata hanya mafi sauƙi, ta ce, "Ku bi ta bayan Gidan To..." Ta tsaya. "Ta bayan gidan Arzika."

Baba yana tsaye a ƙofa da sandarsa, kuma ya ji.

Ƙarfe uku saura kwata na shiga gida. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Rakiya da nacinta, da matan gidan nan da ba su taɓa fashin man shanun Juma'a ba.