Fim ɗin da na kashe wa murya saboda gwaggona

Shekarun baya, tun kafin in fara cika muku kunne da labarin tsofaffin finafinai a shafin nan, ciwon son su ya riga ya kama ni. A makon nan ma duk abin da na kalla baƙi-da-fari ne, na mutane masu dogayen riguna da motoci masu dogon hanci. Wani cikinku ya tambaye ni dalilin da ya sa nake fara kallon tsohon fim ba murya kafin in buɗe sautinsa, ya ɗauka wata gwaninta ce ta masana silima. Ba gwaninta ba ce ɗan'uwa, tsoro ne, kuma ga inda na samo shi.

Lokacin ina karatu a Yamai, zan zo hutu gida Filinge, sai wani abokina da ya san halina ya cika mini kile, wato ɗan filas ɗin nan da ake soka wa kwamfuta, da finafinai. Ya ce akwai guda a ciki wanda nasaru suka ɗauka a ƙasarmu ta Kurfai tun iyayenmu suna samari. Na yi ta zumuɗi a mota, har ina shirya yadda zan burge mutanen gida.

Wata rana bayan azahar, zafi ya hana kowa motsi, na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfa na kunna kwamfuta. Gwaggona, yayar mahaifina wadda muke zaune da ita, tana bakin ɗakinta tana tsince wake a faifai. Tsohuwa ce mai yawan tasbihi, ta je Makka, kuma tun da na buɗe ido na san ta da ciwon ƙugu na hagu. Ba ta tashi sai da sanda da "wash Allah".

Fim ya fara da kasuwa, raƙuma, mata a bakin rijiya. Can sai ga wani fili cike da jama'a, mai goge yana zaune, masu kiɗan ƙwarya sun jeru a gefensa. Ni da son jin tsohon sauti, sai na ƙure murya.

Ƙarar faɗuwar faifai na fara ji. Na juya, na ga wake ya watse, gwaggona kuma tana tsaye ƙyam, ba sanda. Idonta a buɗe yake amma ba ni take kallo ba. Ta ce, "Kashe abin ga." Muryar ta yi kauri, ban taɓa jin ta a bakinta ba. Ni gwanin na'ura, ranar nan na rasa inda ake kashewa, sai murfin na kifa gaba ɗaya. Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta yi wata atishawa mai ƙarfi, ta sulale ta zauna tana salati.

Mahaifiyata ce ta fito da gudu ta kama ta. Bayan ta kwantar da ita, ta ja ni bayan rumbu ta faɗa mini abin da duk gidan suka sani ban da ni. Gwaggo 'yar bori ce a ƙuruciyarta, irin waɗanda ake kira godiya, wato wadda iska ke hawa. Kowane iska da kiɗansa, kuma kiɗan da na kunna shi ne na wanda yake hawanta. Ta tuba tun kafin a haife ni. Nan na gane abin da ya sa ba ta zuwa bikin da za a yi goge, da abin da ya sa ake rage rediyo idan ta shigo. Mahaifiyata ta ce, "Tubar da tag girme ka kaka so ka rushe mata da wasanka?"

Kwana biyu ina laɓe-laɓe, ko gaisuwa daga nesa nake yi. Sai wani hantsi ta aika a kira ni. Na shiga na durƙusa ina jiran faɗa, amma tambaya ta yi mini.

"Ɗana, abin nan naka, yana iya gwada mutane ba tare da ya yi kuka ba?"

Na ce yana iyawa.

Mahaifiyata da ke bakin ƙofa ta ce, "Yaya, don Allah ki ruha muna asiri. Mi za ki gani ciki?"

Gwaggo ta ce, "Iskan nan, duk Kurhwai sun gan shi, ni ɗai ce ban taɓa ganinai ba. In ya zo, ni ba ni nan. Sai in tashi da ƙasa a baki, jiki na ciwo, mutane na yi min godiya bisa maganar da ban san na hwaɗi ba. Ina son in ga wanda yac ci ƙuruciyata kahin in mutu."

Gaskiya na ji tsoro, kuma na ji tausayinta. Na san idan abin ya dawo mata ta hannuna, ba ni da bakin magana a gidan nan har abada. Amma ban iya ce mata a'a ba. Na kashe murya, na duba na sake dubawa, na ajiye kwamfutar a gabanta. Ta riƙe tasbihinta da hannun dama, mahaifiyata tana tsaye tana karanta duk abin da ta haddace.

Da farko kamar hira. Ta nuna mai gogen ta ce ya rasu shekarar yunwa. Ta nuna wata mai tafi ta ce ƙawarta ce, an kai ta aure wajen Abala ba su sake haɗuwa ba. Duk wanda ta nuna, sai ta ce Allah ya jiƙan shi. Ɗakin shiru, mutane suna ta buɗe baki a allo ba a jin komai.

Sai wata budurwa ta shigo tsakiyar fili. Fuskar gwaggo ce sak, har zanen kumatun. Amma tafiyar ba ta mace ba ce. Kafaɗu a buɗe kamar na ƙato, tana jan ƙafar hagu a ƙasa, jama'a suna darewa. Gwaggo ta matso da fuskarta kusa da allo, ta daɗe tana kallo.

"Ashe gurgu ne," in ji ta a hankali. "Ba wanda yat taɓa gaya min." Ta kai hannu ta dafa ƙugunta na hagu.

A nan ne na lura da ɗaya hannun. Tasbihin ya zame yana kan cinyarta, yatsunta kuma suna bugun tabarma. Na dubi allo, na dubi yatsun. Daidai suke tafiya da sandunan masu ƙwarya, alhali babu ko ɗigon sauti a ɗakin. Da makaɗan suka tsaya, tare suka tsaya da ita, ba ta ƙara ko bugu ɗaya ba.

Budurwar cikin fim ta juyo, ta zuba wa mai ɗaukar hoto ido, wato mu ke nan. Gwaggo ta ja baya kaɗan ta ce, "Ya gane ni. Ruhe."

Na rufe. Muka zauna ni da mahaifiyata muna jiran abin da zai biyo baya. Gwaggo ta lalubi tasbihinta, ta ce a miƙo mata sanda da buta. Da na ji ta ce "wash Allah" wajen tashi, wallahi ban taɓa jin daɗin kalmar nan kamar ranar ba.

Da yamma na tambaye ta ko in goge fim ɗin. Ta ce, "A'a. Bar shi can ciki. In ka goge, ina kaka son ya tahi?"

Ta rayu shekaru bayan haka, ta rasu a kan tubarta, ba a sake jin komai ba. Allah ya jiƙanta. Ni kuwa son tsofaffin finafinai bai bar ni ba, sai dai na daina yi musu kallon kayan tarihi. Mutanen ciki sun mutu, amma wani abin da aka ɗauka tare da su yana nan da ransa, kuma yana da masu shi. Shi ya sa nake fara dubawa da ido, in ga ko akwai goge, kafin in buɗe murya.

Kile ɗin yana nan cikin wani gwangwani a saman akwatina. Sau ɗaya na buɗe shi bayan rasuwarta, kewarta ce ta dame ni, na ce bari in ga fuskarta tana budurwa. Da rana tsaka ne, kuma na kashe murya kamar yadda ta koya mini. Ina cikin kallo sai matata ta leƙo daga madafa ta ce, "Wai wane kiɗa ne kake ta bugawa da ƙafa tun ɗazu?"

Na duba ƙasa. Ta hagu ce.