Mutumin Filin Gwaji a Tashar Balasore

A tashar motar Balasore nake kallonsa. Ba zai wuce arba'in ba, amma furfura ta cinye rabin kansa, idanun nan jajur. Katin filin gwajin makamai yana lilo a wuyansa. Irinsu ne ke sa a kwashe mu daga ƙauyenmu na bakin teku, mu da shanunmu, duk ranar da za su harba abinsu. Bana sau huɗu ke nan.

Yana ɗora kayan wata tsohuwa a motar Sambalpur, can nesa da teku: katifa, tukwane, har da shukar tulsi da take yi wa ibada. Uwarsa ce, hancinsu ɗaya.

Ni ba na iya haɗiye magana. "Yallaɓai, na ji a rediyo akwai makami mai linzami da ya ninka sauti gudu sau biyar, yana kuma kauce-kauce a sama. In aka harbo mana shi, za ku tare?"

Bai ɗago ba. "Goggo, muna aiki a kai."

"Aiki a kai! Tun ina goyon fari nake jin wannan."

Ya yi murmushin gajiya, ya ƙara tamke igiyar katifar, ya taɓa ƙafar uwarsa don neman albarka, ya zaunar da ita gefen taga.

Ban sake tambaya ba. Wanda ya san gudun abin ya kwashe tasa uwar. Ni kuwa motata bakin teku za ta koma.