Tulu a Kafaɗa

Duk wanda ya taɓa aski a unguwar Kpakungu da ke Minna ya san hannun Irimiya, don shi ke zana allunan shaguna. Shekara ashirin yana zana kawunan samari da kajin da suka fi na gaske ƙiba. Ran nan sai ya rufe shago, ya kwashi fenti, ya hau dutsen da ke bayan garin Beji, inda kufan kakanninsa yake. Daga can mahara suka kwashi mutane zuwa bauta, tun jirgin ƙasa bai iso Minna ba.

Abin da ya tarar ya sa shi cire hula. Ganuwar duwatsu, ba laka ba siminti, tana nan tsaye. Duwatsun niƙa sun lotsa, da santsinsu, kamar jiya aka tashi daga kansu.

Mako uku yana zana wurin a faffaɗan katako. Zuciyarsa ta ƙi barin kufan ba kowa, sai ya ƙara mata suna shigowa ta ƙofar ganuwa da tulunan ruwa, tamkar sun dawo gida.

Saura ya rubuta musu sunaye. Mutum ɗaya ta rage da ta san waɗanda aka kama: Gwaggo Dorothy, yayar mahaifinsa, wadda ta haura tasa'in. In ta tafi, sun tafi ke nan. Ya kai mata zanen a keke mai ƙafa uku.

Ta daɗe tana kallo. "Ganuwar dai tamu ce. Waɗannan baƙin fa?"

"Haba Gwaggo, mutanenmu ne."

"Da tulu a ka? Kai, ɗan birni! Macen Gbagyi a kafaɗa take ɗaukar kaya. An raba su da gida sau ɗaya, kai kuma ka mai da su na wasu. Ba zan ba baƙi sunayen gidanmu ba."

Irimiya, mai furfura a gemu, ya durƙusa nan tsakar gida kamar ɗan firamare, ya shiga sauke tuluna ɗaya bayan ɗaya. Tana daga kujera tana gyara masa: "Karkato wuyan. Hannu ya tallafo ta ƙasa."

Da ya gama da mace ta ƙarshe, tsohuwa ta matso. Ta miƙa yatsa kusa da mace ta farko, ba ta taɓa ɗanyen fentin ba, ta kira wani suna da bai taɓa ji ba, a hankali, yadda ake kiran wanda ke bayan ɗaki.

Ya ɗauki ƙaramin buroshi.

"Rubuta da kyau," in ji ta. "Wannan ba allon mai aski ba ne."