Kuɗin sallamata a turke

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare, tsakanin Roni da Kazaure. Ranar da aka zuba min kuɗin sallama a banki na fara sanin tsoro, don a da ba ni da abin da za a ƙwace.

A majalisarmu ta bayan la'asar, wani tsohon akawun ƙaramar hukuma ya ce ya gani a waya cewa duk ɗan fanshon da ajiyarsa ta haura wani adadi, za a zaftare masa haraji. Na tambayi adadin, ya ce bai riƙe ba, amma tabbas nawa ya haura. Ni da na tsufa ina hana yara kwafar amsa babu tunani, ban tambayi kowa ba. Ranar kasuwar Babura na kwashe kuɗin, na dawo da mota cike da raguna, ina ta murmushi, don gwamnati ba ta san hanyar turkena ba.

Mai ɗakina ta tsaya a bakin madafi tana kallo ana sauke su. Ta ce, "Malam, kuɗi a banki ba sa kuka. Waɗannan kuwa duk unguwa za ta ji su."

Na ce mata ba ta san tattali ba.

Ba a yi sati biyu ba ɗan ƙanena ya zo, an yi masa haihuwa. Ya durƙusa, ya gaishe ni har sau uku, bakinsa na wajena, idonsa na turke. Duk ɗan fansho yana da garkuwa ɗaya, wato cewa ba a biya shi ba tukuna. To ta yaya zan faɗi haka, rago na amsa min daga baya? Na ba shi. Ranar suna aka sa wa yaron sunana, har na ji daɗi.

Daga nan kamar matan danginmu sun haɗa baki. Wannan ta haihu, waccan na kan hanya, wata ma tagwaye ta zubo, Allah ya shirye ta. Kowane rago ya fita, sai a dawo min da takwara da ƙullin nama. Haushi ya ishe ni, na ɗaure babban farin da ya rage a kan mashin, na kai shi ajiya wajen wani aminina a Gwiwa, na shelanta cewa sun ƙare. Wannan na ranar ciwo ne, kuma na ƙudura ko wa ya haihu ba zai gan shi ba. Harajin dai shiru. Da na tuhumi akawun, ya ce shi bai ce bana za a fara ba. Nasa kuɗin na nan a banki, ko motsi ba su yi ba.

Sai autata ta haihu a gida, haihuwar fari, mace. Mijinta tela ne, kasuwa ta juya masa baya. Kwana biyar da haihuwa ya zo gaishe ni. Bai kalli turke ba, ƙasa ya yi ta kallo, ya tashi bai roƙi komai ba. Ita ma 'yar tawa ba ta tayar da zancen ragon suna ba. Wannan shirun ya fi duk gaishe-gaishen baya yi min ciwo.

Da safe na hau mashin sai Gwiwa. Da na shigo da farin, mai ɗakina ta buɗe baki za ta tsokane ni, sai ta fasa, ta je ta ɗebo masa ruwa.

A wannan karon ban samu takwara ba. Sunan marigayiya mahaifiyata suka sa mata, sunan da bakina ba zai iya faɗa ba, don haka Inna nake ce mata. Turken nan babu ko akuya yanzu, a nan take koyon tsayuwa, tana dafa shi. Jiya mai ɗakina ta tambaye ni me na tanada wa ranar ciwo. Na ce ban sani ba, amma ta yi a hankali, Inna na barci a cinyata.