Tukunyar Sukman da Kabewar Khaire

Da asuba, kafin a buɗe famfon wanki, Sukman Ghising yakan hura gawayi a bayan rumfar sabulu ya ɗora wata 'yar tukunya. Ba shayi yake dafawa ba. Ruwa ne da gishiri. In ya yi ɗumi, sai ya tsoma gwiwar hannunsa ya ji, ya sa safar hannu ta roba, ya tsuguna ya yi kira.

"Khaire, fito maigida. Yaronka ya iso."

Tsohon karen ya rarrafo daga ƙarƙashin tarin dardumai, ya yi miƙa, ya juya masa baya da kansa don ya san aikin. Sukman ya ɗaga wutsiyar ya gasa wurin da tsumma. A gefen duburar kare akwai wasu 'yan jakunkuna biyu, dama da hagu, masu tara ruwa mai wari. Lafiyayyen kare bai san ma yana da su ba, domin in ya yi kashi mai tauri sai su matse da kansu. Na Khaire ba sa matsewa. Hanjinsa ya daɗe da lalacewa. Da ya ci abu mai maiƙo sai zawo, da zawo ya zo sai jakunkunan su cika su kumbura, ka gan shi yana jan gindi a kan siminti yana kuka kamar jariri.

Mu da muke wanke dardumai tare da shi a unguwar Jorpati mun saba da warin. Tilak direba ne kawai bai gaji da tsokana ba. Kamar kowa, Dai yake ce masa, wato yaya.

"Sukman-dai, yau ma an je gaida suruki ta ƙofar baya?"

"An je. Ya ce in gaishe ka, wai numfashinku iri ɗaya."

Ba mai yawan magana ba ne, amma in ya jefa ɗaya takan zauna.

Daga kan tsaunuka ya sauko tun yana saurayi, yana dako a kasuwa. Zazzaɓi ya kayar da shi a ƙofar gidan wankin nan, Ama Chameli, uwar mai gidan, ta sa aka ɗauko shi ta yi jinyarsa, ta kuma sa ɗanta ya ba shi aiki. Tun daga ranar yake riƙe da katakon goge darduma, har maganin wanki ya tsattsage masa hannu, har matarsa ta rasu a ƙauye, 'yarsa ta yi aure a can. Khaire kuwa a cikin motar ulu aka tsince shi yana ɗan kwikwiyo. Ba wanda ya ce na Sukman ne. Shi dai ya ba shi ruwa ran farko, shi ke nan.

Karo na farko da jakar hagu ta fashe, a cikin buhu ya goya shi zuwa wurin likitar dabbobi. Yarinya ce ƙarama, amma ta san aikinta, ba ta kuma ɓoye masa komai ba.

"Dai, wannan karon mun sha. In ta sake fashewa sai an yanka an cire, shi kuma zuciyarsa ba za ta ɗauki allurar barci ba. Ka gane abin da nake nufi?"

"Na gane."

"Dafaffiyar kabewa, shinkafa, tsokar kaza ba fata. Ban da mai, ban da madara. Gashi da ruwan ɗumi kullum, amma kada ka matsa sai sun cika, yawan matsa ma ciwo ne. Ko bikin wa ake yi, ban da mai."

Sukman ya mayar da karen cikin buhu ya goya shi. Da ya dawo sai ya haƙa ƙasa a jikin katanga ya shuka kabewa. Damina biyu ta wuce a haka. Kullum da safe yana bin karen a baya yana duba kashinsa da tsinke, kamar mai neman zobe. In ya ga da tauri, ranar har waƙa yake yi a bakin famfo. Ya hana kowa jefa masa ƙashi. Ya taɓa ƙwace wa ɗan mai gida guntun nama a hannu, a gaban uban.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa, bikin Tihar. Rana ta biyu ta karnuka ce. Kowane gida sai ya rataya wa kare sarƙar furanni, ya ɗiga masa jan launi a goshi, ya ba shi mafi daɗin abin da aka dafa. Bara, Sukman ya sulale da Khaire tun da duhu zuwa bakin kogi, bai dawo ba sai da rana ta faɗi. Ama ta zauna da sarƙar furanninta a cinya har suka yi yaushi. Ba ta sake yi masa magana ba sai da sanyi ya wuce.

Bana kuma ɓarin jikinta ya shanye. Sukman ne ke goyo ta daga bene kullum ya ajiye ta a rana. Ana gobe ranar karnuka, yana gyara mata matashi, ta kama masa riga da hannunta mai lafiya.

"Sukman, gobe kada ka sace min kare."

"Ama, likita ta ce..."

"Likita ce za ta tsaya min a ƙofar Yamaraj? Shi ne fa Sarkin mutuwa, karnuka ne ke masa gadi. Dube ni da kyau. Kana ganin zan ga wani Tihar? In na isa can, wane kare zai san ni? Wanda na bari da yunwa ranar bikinsa?"

"Ki ba shi kabewa da hannunki. Zan dafa miki."

"Kabewa! Kai dai har yau ɗan dutse ne. Ka taɓa ganin an karrama baƙo da kabewa? Ranar da na tsince ka a ƙofar nan kabewa na ba ka?"

Ya sunkuyar da kai. Romon kaza ta ba shi a lokacin, bai manta ba.

"Loma ɗaya, Ama."

"Loma ɗaya. Ni ma ai ba makashiya ba ce."

Washegari ya yi gashinsa kamar kullum. Da ya gama sai ya ɗaura wa karen igiya, suka nufi ƙofa. Ya daɗe tsaye a wurin, hanyar kogi na gabansa, ba kowa a titi sai mai madara. Sai ya ji tarin tsohuwar daga bene. Ya juyo, ya kwance igiyar ya naɗe ta a hannu, ya hau ya goyo Ama.

Ama ta ɗiga wa Khaire ja a goshi. Sukman ya taimaka mata ta rataya furannin. Ta gutsuri sel, zoben garin shinkafar nan da ake soyawa a man shanu, ta miƙa. Ta cika alkawari, loma ɗaya ta ba shi. Da abin ya tsaya nan, da wataƙila an sha.

Amma ɗakunan ma'aikata duk a cikin gidan suke, kare kuma ɗaya ne. Da Sukman ya ɗago kai sai ya ga mata sun yi layi da farantai. Matar Tilak ce a gaba, da ƙwai da kitsen ɓauna.

"A'a," in ji Sukman. "Na Ama kaɗai."

"To fa! Ama kaɗai ce za ta mutu, Dai? Mu a nan za mu dawwama?"

"Ba shi da lafiya."

"Hannun masu gida magani, namu na talakawa guba ko? Bara ka ɓoye shi, muka yi ta bin karnukan titi da faranti kamar mahaukata. Ɗan kaɗan ne. Dubi yadda yake kallona, bawan Allah."

Gaskiyarta, yana kallonta. Karen da ya shekara biyu yana cin kabewa, ga ƙamshin kitse a hancinsa. Ta ajiye farantin. Khaire ya faɗa masa, yana kaɗa wutsiya yadda rabon da a gani tun yana ƙarami, har ƙafafunsa na baya suna rawa. Sukman na iya ɗauke farantin. Yana iya sungumar karen ya fita, ba wanda zai tare shi. Bai yi ba. Ya tsaya da igiya a hannu yana kallo, har da ɗan murmushi. Ta biyu ta ajiye madara, ta uku ta ajiye nama. Wanda ya bar ta farko ba shi da bakin hana ta ƙarshe.

Zawon ya fara tun kafin a kunna fitilun biki. Sukman ya dafa kabewa, karen ya shinshina ya kau da kai. Ya yi gashi safe da yamma. Kafin mako ya zagayo jakar hagu ta kumbura kamar lemon tsami, ta yi ja, ta fashe da jini da mugunya. Ya sake goya shi a buhu.

Likitar ta duba ta cire safar hannunta.

"Tihar?"

"Tihar."

Ba ta yi masa faɗa ba. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta wanke ciwon, ta yi allura, ta ba shi magani, ta ce yanka dai ba zai yiwu ba.

Ya yi abin da ya iya. Ya bar ɗakinsa ya koma kwana a rumfar sabulu. Yana wanke ciwon, yana ɗura masa ruwan shinkafa da cokali. Ciwon ya rufe ya sake buɗewa, zawon bai tsaya ba, karen ya rame har ƙasusuwan bayansa suka fito. Wata safiya Sukman ya ɗora tukunya ya yi kira, ba abin da ya fito daga ƙarƙashin dardumai.

Tilak ne ya kawo shebur. Bai yi tsokana ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Ya haƙa ramin a gindin kabewar har ya gama, ya wanke hannu ya tafi aikinsa. Matarsa ta daina bi ta gaban rumfar.

Da Sukman ya goyo Ama ranar, ta tambaye shi a kunne.

"Da fushina ya tafi?"

"Ya ci na hannunki yana kaɗa wutsiya. Ai kin gani."

Bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Sau ɗaya na ji ya tada maganar, muna jan jiƙaƙƙiyar darduma mu biyu. Ya tsaya ya ce, "Igiyar fa tana hannuna." Ya ci gaba da ja.

Bayan nan ƙarfinsa ya ragu. Katakon goge darduma ya fara suɓuce masa. Da sanyi ya wuce 'yarsa ta aiko mijinta ya ɗauke shi su koma kan tsauni, bai yi gardama ba. Kabewar da ta nuna ya rarraba wa ɗakuna, har da na matar Tilak.

Ranar tafiyarsa na fito da asuba in buɗe famfo, sai na ga hayaƙi a bayan rumfar sabulu. Ƙunshin kayansa na jingine da katanga. Ya ɗora tukunyar, ya zuba gishiri, ya tsoma gwiwar hannu ya ji ɗumin. Sai ya tsaya yana kallon tarin dardumai, bakinsa a buɗe kaɗan. Bai kira ba. Ya juye ruwan a roba, ya saɓa tsumma mai tsabta a kafaɗa, ya hau bene a hankali don kada ya zube. Ƙafafun Ama sun kwana biyu a kumbure.