Safar Hannun Gwaggo

Kafin a gama kunna injinan wankin ƙoda, Gwaggo ta riga ta iso. Ta hau sikeli, ta harari lambar, ta zauna a kujerarta ta gindin taga, ta miƙa hannun hagu. Nan jijiyar da ake haɗa ta da inji take, ita kaɗai ta rage mata, sauran duk sun toshe. Da can tela ce. Yanzu ita ce mafi daɗewa a ɗakin. Ni ɗan rakiya ne, yayana nake kawowa, kuma jarumtakata a bakin ƙofa take tsayawa, don ko allurar wani na gani sai jiri ya ɗebe ni.

Masu wannan ciwo suna da wata azaba da ba a cika kula ta ba: ƙaiƙayi. Shekara da shekaru Gwaggo tana tare likitoci a kai. "Ku kuna auna jini, mu muna susa," in ji ta. Ran nan sai ga wata likita mai bincike da maganin gwaji. Sharaɗinta biyu: a daina duk abin da ake sha ko shafawa don ƙaiƙayi, kuma rabin mutane ƙwayar da ba magani a ciki za su samu, ba mai sanin tasa.

 Wani mahauci da ke kujerar kusa ya ce, "Ɓerayen naku sun ƙare ne?" Likita ta ce in wata ya mutu ba ta samu mutane ba, za ta tattara kayanta.

Gwaggo ta ce a rubuta sunanta. Ɗanta ya ƙi. "Umma, ke da kike susa cikin barci har ki fid da jini? In kika ƙwarzane jijiyar nan ta lalace, ina za a sa allura?"

"Ni na yi ta kiran su," ta ce. "Sun zo kuma in ɓuya?"

Ta kakkaɓe keken ɗinkinta, ta ɗinka safar hannu ta yadi mai kauri, ba yatsu, da igiya a wuya. Surukarta ke ɗaure mata. Haka muka riƙa ganinta a kujera, haƙora a cije, ƙafa na karkarwa, gumi na bin wuyanta.

Wata safiya aka naɗe hannun rigarta, sai ga ja a gefen jijiyar. Ma'aikaciyar jinya ta ɗora yatsu tana neman motsin jini. Ɗanta ya dafa bango. Ni kam silin na ƙura wa ido.

"Jijiya tana aiki," in ji ma'aikaciyar.

Mahauci ya yi gyaran murya. "Gwaggo, da sauran yadin nan? Nawa hannun babba ne."

Kafin wata ya mutu, rabin ɗakin na sanye da safa, likita kuma ba ta tafi ba. Da aka kammala bincike aka buɗe sunaye, ashe ƙwayar banza Gwaggo ta yi ta sha. Dariya ta yi. "To ai sai wani ya sha ta banza kafin a gane ta gaske."

Gwaggo, ke ce kika ɗaure hannunki don na wasu ya huta. Maganin ya yi aiki, yayana yana barci yanzu ba susa. Mun gode, Allah Ya raya jijiyar nan. Ku kuma da za a zo wa da irin wannan gayyata, ku yi tambaya har ku gamsu, amma kada ku bar tsohuwa ita kaɗai a cikin safa.